Ranar da Muka Ci a Gidansu

Wanda bai taɓa bin ƙungiyar ƙwallo zuwa wani gari ba, zato yake cin wasa a waje abin murna ne. Ni Malami na daɗe ina bin ƙungiyar unguwarmu, Matasan Gidan Dare, kuma babu abin da nake tsoro kamar mu ci a gidan mutane. In sun cinye ka, har ruwan leda za su saya maka, su raka ka bakin hanya suna dariya. In kai ka cinye su kuwa, sai ka nemi yadda za ka fita da ranka.

Shi ya sa muke da tsarinmu. Duk ɗan wasan da ke cikin fili yana da mai shi a cikinmu magoya baya, kuma da lambar jesi muke rabawa. Za ka je da tsohon kaftani da hula a leda. In an kusa tashi, ka fita ka tada babur ɗinka ka kawo shi kusa da ƙofa. Ana busa usur ka kutsa, ka zura wa naka kaftanin a kan jesinsa, ka kafa masa hula, ku sulale cikin 'yan kallo. 'Yan benci kuma abokinmu Audi ke da su. Da ya ga wasa ya karkata gare mu sai ya kwashe su a motarsa ya yi gaba, a bar mutum ɗaya cikin kayan gida ko da za a buƙaci canji. Shi ba wanda ya san shi, da ƙafarsa yake fita ya hau motar haya. Ba a jiran kowa. Ka kai naka ƙofar gidansu, sannan mu haɗu a rumfar Dodo mai faci. A nan ake murna, a nan ake cin naman koci.

Ranar Asabar ɗin nan ni ke da lamba bakwai, wato Stephen, ɗan Malam Yohanna da ke koyarwa a firamaren unguwarmu. A Sakkwato aka haife shi, kuma in ya ɗauki ƙwallo a gefen dama ko ɗan bunsuru bai fi shi zillo ba. Wani gari ne muka je, can gabas da birni. Da rana aka buga, don kowa ya samu komawa gida da haske. Stephen ne ya ci mana duka biyun. Tun daga ci na biyu duwatsu suka fara sauka a bayan ragarmu, na ce to, yau akwai aiki.

Na yi yadda aka saba. Na kawo babur, aka busa, fili ya rikice, na hango bakwai ta baya, na zura masa kaftani na ja shi. Sai da muka bar garin na waiga na ga ashe Abdulshakur ɗan bencinmu na goyo. Jesinmu saiti ɗaya ne tal, don haka wanda zai shiga rigar wanda ya fita yake karɓa. Ya ce lokacin da na fita ɗauko babur aka taka Stephen a idon sawu, koci ya fitar da shi, shi kuma ya ɗora bakwai a kan rigarsa ya shiga. Na ce a raina ba komai, tunda ya koma benci ai na Audi ne.

Bayan la'asar sakaliya rumfar Dodo ta cika. Dodo bai je ba, yana durƙushe a kan taya yana jiran labari, Auwalu kuwa ya riga ya fara abin da ya iya. Tunda nake da Auwalu ban taɓa jin wasa ya gamshe shi ba.

"Ni ban ga abin tsalle ba," in ji shi. "Biyu da ɗaya anka tashi, amma da ba don gola ba, huɗu za su watsa mamu. 'Yan bayanmu sun zan ƙohwar kasuwa, kowa yaz zo shi wuce."

"Kai Auwalu," in ji Dodo, "ko tuwon Sallah anka ba ka, sai ka ce miya ta yi gishshiri."

Aka yi dariya. Wani ya ce tsakiya ce ta mutu, wani ya ce alƙalin wasa ya sha kuɗi shi ya sa ya ba su fenariti. Aka yaba ci na biyu, yadda Stephen ya yanke mutum biyu ya ɗaga ta saman kan gola. Daidai nan Audi ya iso bayan ya rarraba 'yan benci gidajensu, ya faka motarsa ya shigo yana share gumi. Ni ma na ga lokaci ya yi da zan sa baki.

"Ni abin da yab ɓata mani rai canjin ga na ƙarshe na," na ce. "Ka hidda Stephen, ka sa Abdulshakur wanda ko gudu bai iya? Allah dai yak kiyaye."

Audi ya dube ni. "Wane canji?"

"Da anka taka Stephen."

"Stephen ai har ƙarshe yab buga."

"Kai ka gani?"

"Ni tun da duwatsu sunka hwara nik kwashe yarana. Ina barin wurin shina cikin hili." Sannan a hankali ya ce, "Malami, ba kai ad da bakwai ba?"

"Abdulshakur nid ɗauko. Ba motarka Stephen yash shiga ba?"

Audi ya girgiza kai. Na dafa bencin Dodo. Rumfar da ake ihu a cikinta yanzun nan ta yi tsit, sai ƙarar iskar da ke fita daga tayar da Dodo ya saki.

Auwalu ya zaro waya ya kira lambar Stephen. Ta shiga. Muka kasa kunne kamar za mu shige cikin wayar, sai muka ji ƙararta a bayan motar Audi, cikin jakunkunan 'yan wasa. Aka kira koci. Ya ce shi da aka busa mai shi ya fizge shi, amma ganinsa na ƙarshe da Stephen yana zaune a ƙasa gefen benci, riƙe da ƙafa. Aka bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kowa na gidansu, kowa zato yake wani ya ɗauko shi.

Na tsaya ina zana abin a raina. Yaro a garin da bai san kowa ba, ba ya iya taka ƙafa, ba riga a jikinsa, ga koren gajeren wando da safa da ke shaida na wane ne, kuma shi ne wanda duk garin suka kalla ya ci su sau biyu. Akwai kuma wani abu da ba wanda ya furta, amma na san kowa ya tuna: ɗan ƙaramin gicciyen da yake ratayawa a wuya, wanda jesi ke rufewa. Mutanen garin ba mugaye ba ne, na sha cin abinci a kasuwarsu. Amma na san taron da ya fusata, duk abin da idonsa ya faɗa a kai dalili ne. Tsoro na ji.

Muna cikin haka sai ga Malam Yohanna a kan kekensa, fuskarsa cike da fara'a.

"Barkanku da nasara! Tun daga layinmu yara ke ba ni labari. Malami, ina gwanin naku? Mamarsa ta dafa masa shinkafa, ta ce in zo in kore shi gida kafin ku kumbura masa kai."

Kowa ya sunkuyar da kai. Audi ya juya yana duba tayar motarsa, kamar yau ya fara ganinta. Da na samu rami a lokacin da na shige. Amma ni ke da bakwai, don haka ni na matsa na gaya masa komai, tun daga kaftani har zuwa wayar da ke bayan mota.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya jingina keken da ginshiƙin rumfa, keken ya zame ya faɗi, bai ko kalle shi ba.

"Kun baro shi," ya ce.

"Malam, ba da gangan..."

"Na sani. Ba ni makullin babur ɗinka."

Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa. Duk wanda ke Sakkwato ya san hanyar nan ba a binta in duhu ya shiga, ko direbobin tasha ba su yarda. Auwalu ya ce a bari sai da safe a je da jami'an tsaro. Dodo ya ce a nemi wani da ya san wani a garin. Audi ya ce motarsa kowa ya gane ta can, in ta koma ƙona ta za a yi. Duk gaskiya suka faɗa, kuma duk na ji haushinsu, har da kaina, don ni ma ba na son zuwa.

"Ni za ni kai ka, Malam," na ce.

Na je gun mai bumburutu, mai sayar da fetur a bakin titi, na cika tanki. Na dawo, Malam Yohanna ya naɗe ƙafar wandonsa zai hau, sai wata a-kori-kura shaƙe da buhunan albasa ta rage gudu ta tsaya a tsallaken titi. A saman buhunan akwai mutum sanye da jan jesi, irin na waɗanda muka cinye, ya yafa tawul a ka.

"Sun biyo mu!" in ji Auwalu.

Rumfa ta watse. Wasu suka yi cikin lungu, Dodo ya rarumi ƙarfen cire taya, ni kuwa na daskare a kan babur. Direban ya fito, dattijo ne mai furfura, ya miƙa hannu ya taimaka wa mai jan jesin ya sauko. Da ƙafa ɗaya ya dira. Tawul ɗin ya zame.

Malam Yohanna ya tsallaka titin ba tare da ya duba mota ba. Ya kama fuskar ɗansa da hannu biyu, ya shafa kansa, ya shafa kafaɗunsa, yana ta kiran sunansa. Akwai tsaga a goshin Stephen, jinin ya bushe, idon sawunsa kuma ya kumbura suntum. Muka tallabo shi zuwa benci. Dodo ya ajiye ƙarfen ya kawo ruwa.

"Rigar wa ce wannan?" in ji uban.

Stephen ya sha ruwan kafin ya iya magana.

"Ta wanda yat taka ni ce, Baba. Ɗan bayansu."

Ya ce da fili ya rikice ya ja jiki ya raɓe bayan benci, yana jin ana cewa ina mai bakwai, a nemo mai bakwai. Dutse ya same shi a goshi. Sai ga wannan ɗan bayan a kansa. Shi ya ɗauka ƙarasa shi ya zo yi, har ya rufe ido. Sai ya ji an zura masa riga, an rufa masa tawul, an saɓa shi a baya, mutumin na ta ihu a ba shi hanya ɗan wasansu ya ji ciwo. Haka ya ratsa taron da shi har bakin kasuwa, ya ɗora shi a motar albasa, ya roƙi direban ya sauke shi a birni.

Auwalu ya fara cewa Allah ya yi wa yaron albarka, amma Stephen ya girgiza kai.

"Mota na tashi wani yag gane ni, ya yi ihu. Nij juya. Sun kewaye shi, Baba, shina tsaye ba riga, shina yi masu magana da hannu. Daga nan munka sha kwana, ban ƙara ganinai ba."

"Ya sunansa?"

"Ban sani ba. Ban tambaya ba." Sai a lokacin ya fashe da kuka.

Aka kira sallar magariba a masallacin bakin titi, amma ba wanda ya motsa nan take. Malam Yohanna ya cire rigarsa ta sama ya ba ɗansa, ya karɓi jan jesin ya juya shi ya duba bayansa. Lamba huɗu ce, ba suna. Ya ninke shi a hankali ya riƙe a ƙirji.

"Malami, kar ka taɓa man da ka zuba," ya ce. "Gari na wayewa za ka kai ni. Shi ma ɗan wani ne."

Na ce to.