Kat na Sittin da Biyar

Sau tara pompon Issawane yana mutuwa da tsakar rana, shanu na jere a bakin kwalami, kuma duk taran Gado mai gadinsa aka ɗora wa laifi. Wai da gangan yake rufe wa makiyaya ruwa. Komiten ruwa na garin ya karɓe mabuɗi daga hannunsa, Moctar shugabanmu a biro, wato ofishinmu na Tasawa, ya sa hannu a takardar sallamarsa ba tare da ya buɗe injin ba.

Ni Zeinabou, ni ke duba ƙaramar ordinatar, wato kwamfutar da ke tuƙa pompon. Makiyayi ya goga kat ɗinsa, katin ɗiban ruwa, ta rubuta shi a layi, ta saki ruwa. Na ɗauko ta na kawo biro. Noyau ne ke faɗuwa, wato zuciyar tsarin, kuma kullum a wuri daban. Na san wani abu ne ke rubutu a memuwar, wato ma'ajiyar bayanai, a gurbin da ba nasa ba. Sai na cika gefen kowane gurbi da lamba ɗaya, kamar mai barbaɗa toka a bakin rumbu don ganin sawun ɓera. Na yi ta goga kat. A na sittin da biyar tokar ta taɓu, injin ya mace.

Gurbi sittin da huɗu Moctar ya yanka wa layin, bai sa abin da zai tsayar da ƙari ba. Kuma da damina ya je ƙirga makiyaya, lokacin da shanu ke shan tabki! Mutum ya yi karatu har Yamai bai san rani ba.

Na ajiye masa takardar abin da na gano, raina a ɓace.

Ya ce, "Ki gyara shiru, Zeinabou. Gado ai ya tsufa."

Na ce, "Shugaba, tsufansa ne ya rubuta sittin da huɗu?"

Na gyara, na hau kabu-kabu zuwa Issawane, na faɗi gaskiya gaban komite. Suka miƙa wa Gado mabuɗi. Bai ɗaga hannu ba.

Ya ce, "Ɗiyata, na gode. Amma Baƙo da muka yi shekara ashirin muna cin tuwo a akushi ɗaya, shi ya fara ce mini mugu a bakin ruwa. Wannan injinki zai gyara shi?"