Kada Ya Fi Hawaye Gishiri

Masinjan makaranta yana rafka sallama ta uku a bakin zaure lokacin da Lantana ta fito daga ɗakin Malama Yelwa da tasar amai a hannu. Ta san abin da ke tafe da shi. Jiya ma shi ne, shekaranjiya ma shi ne. Wai Malam Haliru, shugaban sakandaren 'yan mata, ya ce a gaida Malama da jiki, a kuma karɓo mabuɗin ɗakin koyon tattalin gida. Gaisuwar ce a gaba, amma ko yaron goye ya san wanne ne saƙon.

Lantana ta ce masa ya koma ya ce Malama ta amsa gaisuwa. Mabuɗi kuwa bai samu ba.

Ka ji rashin ta-ido fa. Mace tana kwance, ciwon ƙoda ya kumbura mata ƙafafu kamar taɓarya biyu, asibitin Gusau sun sallamo ta sun ce a koma gida a yi ta addu'a, shi kuwa abin da ya dame shi inda zai jibge karyayyun bencuna ne. Ɗakin nan kekunan ɗinki huɗu ne a ciki, da risho, da tukwane, da wata 'yar tsana ta roba da ake koyon wankan jariri da ita. Saura kwana shida mai duba jarrabawar aikin hannu ta zo daga Gusau, kuma 'yan mata goma sha huɗu na ajin ƙarshe a ɗakin za su yi ta. In ba ɗaki, ba jarrabawa. Shekara uku na yaran sun bi ruwa ke nan.

Gaskiya ita ma Lantana ba ta da bakin zagin kowa, don da can tana cikin masu dariya. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninta da Yelwa a Bungudu, kuma ita ce ta fara laƙaba mata Shafe-cokali. Ina aka taɓa ganin mace ta ɗebi gishiri, ta sa bayan wuƙa ta shafe kan cokalin kafin ta zuba? A garin da mai awo ke cika mudu har ya yi tozo, ta kuma ƙara maka gyara, wannan ai rowa ce tsagwaronta. Lantana mai ƙosai ce, hannunta a buɗe yake, kuma ta sha faɗa a gidan suna cewa gwamnati ta rasa abin yi da kuɗi ne take biyan wata ta koya wa ɗiyan mutane girkin da uwayensu suka iya tun ba a haife ta ba.

Daminar bara ce ta rufe mata baki. Amai da gudawa suka shigo unguwar, suka kama jikarta 'yar wata tara, idanun yarinyar suka faɗa, maɗigarta ta loɓa. Mijinta Dogo yana kan hanyar Tsafe da mota, babu mai kai su asibiti sai ya dawo. Lantana ta taɓa jin ana ba da ruwan gishiri da sukari, sai ta haɗa, ta cika cokali da gishiri har yana zuba, don a ganinta jikarta ba wadda za a yi wa ƙwauro ba ce. Yelwa ta jiyo kuka ta shigo ko mayafi babu. Ta karɓe kofin, ta ɗanɗana, ta watsar a tsakar gida.

"Wannan kashe ta zai yi, Inna Lantana. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, goma na sukari, duk a shafe, a ruwa kwalbar lemo biyu. In kin gama ki ɗanɗana. Kada ya fi hawaye gishiri."

Da cokali suka riƙa ba yarinyar har Dogo ya iso da la'asar. A makon nan ɗaliban Yelwa suka bi gida gida da cokula a aljihun rigar makaranta. Yarinyar ga ta nan yau tana bin kaji a tsakar gida. Tun daga ranar Lantana ba ta sake cewa Shafe-cokali ba, kuma duk wadda ta faɗa a gabanta sai ta ji babu daɗi.

Da ta koma ɗaki, Yelwa ta riga ta ji komai. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro mabuɗin, ta danƙa shi a tafin Lantana. Muryarta ta dushe, sai an sunkuya ake ji. Ta ce kada a ba kowa sai ranar Litinin, a ba Zahra'u shugabar aji da safe. Ta ce a gaya wa yaran su yanke farce, su zo da ɗankwali fari, kuma keken da ke kusa da taga yana tsinka zare, kada a ba mai saurin tsorata. Lantana ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta, ta ce ko da tsiya ba mai raba ta da shi.

Yelwa ta cika ranar Alhamis da hantsi, Lantana tana goga mata man zafi a ƙafa. Ba ta yi wata doguwar magana ba. Ta nemi ruwa, ta kurɓa sau biyu, ta yi kalmar shahada, shi ke nan. 'Yan'uwanta suka zo daga Kwatarkwashi, aka kai ta bayan azahar.

Washegari Malam Haliru ya zo ta'aziyya da babbar riga, ya zauna a zaure cikin maza. Lantana tana bayan ƙyaure tana miƙa kwanonin fura, duk tana ji. Ya ce makaranta ta yi rashin malamar girki mai haƙuri. Ya ce a kwantar wa yaran hankali, ai girki kowace mace da shi aka haife ta, in ma ba a yi jarrabawar ba babu abin da ya ɓaci. Sannan ya rage murya ya tambayi Dogo ko an ga wani mabuɗi a kayan mamaciya.

Lantana ba ta san lokacin da ta buɗe baki ba.

"Malam, mabuɗi yana wurina, kuma ba ni badawa sai Litinin. Malamar girki ka ce? Bara da ake ɗaukar yara a unguwar nan, ina kake? Da abin da aka haife ni da shi na tashi kashe jikata. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba kake tambayar mabuɗi. Ka ji kunya, Malam."

Dogo ya sunkuyar da kai, wani dattijo ya ce a yi haƙuri, zaman makoki ne. Malam Haliru ya shafa fatiha ya miƙe, takalminsa ma sai a waje ya ƙarasa sa shi.

Litinin da sassafe Lantana ta aika aka kira Zahra'u don ta cika saƙo. Yarinyar ta zo idanu jawur. Ta ce Inna ta bar mabuɗin kawai, an fasa kwaɗon tun ranar Alhamis, lokacin da malamai suka tafi maƙabarta. An tura kekunan lungu, an jibga bencuna har rufi. Ashe ranar da ya zauna a zaure yana tambaya, ya riga ya gama aikin, so yake kawai a ce da mabuɗi aka buɗe.

Lantana ba ta yi kuka ba, haushi ya hana. Ta ce wa Zahra'u ta koma ta tsaya a bakin ƙofar makaranta, in matar Gusau ta sauka ta nuna mata ɗakin da idonta, sannan ta kawo ta nan. Ita kuwa ta share tsakar gidan Yelwa, ta kwaso tukwanenta na ƙosai da murhu biyu, Dogo ya ciccibo keken ɗinkin mamaciya ya ajiye a gindin darbejiya. Aka aro teburi daga maƙwabta.

Wajen ƙarfe goma suka shigo, su goma sha huɗu, da fararen ɗankwali. Matar Gusau tana bayansu da jaka, fuska a murtuke. Ta dubi murhun, ta dubi tabarmin makoki da ba a naɗe ba, ta ce ba haka doka ta ce ba. Ta jima a tsaye, sannan ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna, ta buɗe takardunta, ta kira sunan farko.

Tambayar da ta faɗo wa Zahra'u ita ce ta haɗa wa yaro mai gudawa abin sha. Ta auna ruwa, ta ɗebi gishiri, ta sa bayan wuƙa ta shafe. Da aka ba ta maki aka wuce, kofin ya rage a kan teburi. Lantana ta ɗauka ta kai baki. Hawayen da suka ƙi zuwa tun safe suka gangaro har gefen leɓenta, ta lasa, ta sake kurɓar ruwan. Daidai suke.

Ta kwance mabuɗin daga bakin zanenta, ta rataye shi a ƙusar da cokalin Yelwa yake, ta koma ta gyara wa yaran wuta.