Jif Mai Hayaƙi a Hawan Manchok

Ni ba makanikin mota ba ne, kuma duk wanda ya kira ni haka sai mun ɓata. Kan jirgin ƙasa nake gyarawa. Shekara ashirin da bakwai na yi a loko na Kafanchan, wato shagon gyaran kan jirgi, ina fama da injuna masu cin kwal, har masu dizal suka zo suka ture su, ni ma na naɗe tabarmata na koma gida. Sunana Lawal, amma tun da furfura ta cinye mini kai kowa Baba Lawal yake cewa, har da waɗanda suka girme ni, don tsabar neman magana.

Cikin bazarar 1989, ranar wata Laraba da la'asar, ina zaune a gindin mangwaron ƙofar gidana sai ga Sista Faustina. Ita ce ke riƙe da ƙaramin asibitin mishan da ke bayan layinmu, kuma jikokina uku a hannunta suka faɗo duniya. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, ba ta san zama ba. Ran nan kuwa ta zauna a kan bencina ba tare da na ce bisimilla ba, shi ne na san akwai magana.

Ta ce, "Baba, jif ɗin nan zai kashe ni."

Na ce, "Sista, in dai mota ce kin yi ɓatan kai. Ga garejin su Nuru can bakin kasuwa."

"Na je. Wajen makaniki uku na je. Ɗaya ya canja fulogi, ɗaya ya wanke kafireta, ɗaya ya ce hawan yana da aljani."

Daga nan ta warware mini zancen. Akwai rugar wani Ardo Jibir a kan tudu, can bayan Manchok. Shekara biyu tana bin bawan Allahn nan da lallashi ya bari a yi wa yaran rugarsa allurar rigakafin ƙyanda, yana ce mata sai wani jiƙon. Da ciwon ya yi ɓarna a wata ruga kusa da su, ya sauko, ya sa mata rana. Matan ruga suka fasa tallan nono, suka yi wa yara wanka, suka zauna jira. Jif ɗin asibiti ta kai tsakiyar hawan ta mutu murus, ta ƙi tashi sai bayan awa biyu. Kafin nan ƙanƙarar da ke cikin akwatin allura ta narke, allurar da ta sha zafi kuwa ba ta da maraba da ruwa. Aka sake sa rana, aka sake maimaita abin kamar an rubuta.

Ta ce, "Yanzu ya aiko. Gobe Alhamis ne ƙarshe. Juma'a za su tashi da shanu, manoma sun fara sharar gona. Ya ce in hantsi ya dubi ludayi ban zo ba, mata su tafi kasuwa, kuma kada in sake zuwa masa da maganan allura."

Ta faɗi haka tana kallon ƙasa. Matar da na sha gani tana daka wa ƙartin maza tsawa su yi tsit! Gaskiya ta ba ni tausayi. Na zura takalmina na bi ta.

Direbanta Natan, magidanci ne mai 'ya'ya shida, shi ke jan waƙa da babbar murya a majami'arsu. Ya ɗaga mini bonet yana yi mini wani kallo na me wannan tsohon zai gano. Ban taɓa komai ba. Kallo kawai na yi, don a loko an koya mana ido ne ke fara gyara kafin hannu. Manifol na fara dubawa, wato bututan ƙarfen da ke kwaso hayaƙi daga injin su kai shi salansa. Siririn bututun mai ya bi ta gefensa, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ga kuma ramukan noti huɗu a buɗe, alamar da can akwai farantin da ke tare zafi, wani gwani ya kwance shi bai mayar ba.

Na ce, "Ga aljaninku nan. In mota ta kama hawa da ƙaramar giya, ƙarfen nan ja yake yi. Man da ke cikin bututu sai ya tafasa kafin ya isa, injin ya riƙa shan iska. In ta huce ta tashi."

Natan ya bushe da dariya. "Haba Baba! Fetur ai ba koko ba ne da zai tafasa."

Na ce, "Kai dai ka iya waƙa. Ka tsaya a nan."

Faranti ba zai samu kafin gobe ba, wannan na sani. Amma a ƙasan akwatina akwai ragowar wata farar igiya mai kauri da muke naɗe bututun tururi da ita, mu lagin muke ce mata. Wuta ba ta cin ta, zafi ba ya ratsa ta. Shekara da shekaru tana nan, maiɗakina ta yi mita har ta gaji, wai in jefar da tarkacen banza.

Washegari ana idar da sallar asuba na ɗauki daron wankinta na jiƙa igiyar. Ta leƙo ta ce, "Malam, a darona?" Na ce mata ladan ai har da ita. Dole ne a jiƙa lagin kafin a naɗa. Da ruwa takan yi laushi ta bi lanƙwasar ƙarfe, in ta bushe ta ƙanƙame, ga shi ƙurarta mugun abu ce ga ƙirji, ruwan ke kwantar da ita. Duk da haka sai da na ɗaure hancina da ƙyalle.

Ina isa asibiti na fara daga bakin injin, na ɗaure kan igiyar da waya, na murɗe da filaya. Sai naɗi. Kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, a ja da ƙarfi, kada a bar kafa ko ta shigar tsinke, don ta nan zafi zai ɓullo. Wurin ya matse, hannuna ya kurje a wuri uku, bayana kuwa sai ƙara yake kamar tsohuwar ƙofa. Amma wallahi rabon da in ji daɗi irin na safiyar nan tun ina loko. Yatsuna da kansu suka tuna aikin, ban ma sa musu baki ba. Da na ɗaure ƙarshen na ja da baya, manifol ya fito fari tas, layi a kan layi. Natan ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, kamar kitso."

Sista ta fito da akwatin allura rungume a ƙirji. Ta ce, "Baba, Allah ya saka. Sai mun dawo."

Na ce, "Sai mun dawo dai. Matsa mini."

"Ina za ka?"

"A loko, wanda ya gyara kan jirgi shi ke hawa a fitarsa ta farko. In ya yi aikin banza, ya kwana a daji tare da direba. Ba zan karya wannan a kan jif ba."

Muka shige gaba mu uku, Sista a tsakiya da akwatinta a cinya. Muka bar gari, muka wuce Kagoro, dutsen yana hannun damanmu, mata na ta gangarowa da itace a kafaɗa. Sista ta kwance ƙullin ƙosan da ta sayo, Natan na 'yan waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa. Wani ɗan wari ya fara tasowa, ni ko a jikina. Bayan Manchok muka sauka daga kwalta muka kama burji, can sai ga hawan a gabanmu, dogo, duk duwatsu. Natan ya daina waƙa, ya saka giya ta ɗaya.

To a nan ne laifina ya fito. Sabon naɗi, ran da ya fara cin wuta sosai, hayaƙi yake yi. Ruwan da ya sha yana fita, maiƙon da ya kwasa a ajiya yana ƙonewa. A loko ko mai shara ya san wannan, ba wanda zai ɓata bakinsa ya faɗa maka. Shi ya sa ko kusa bai zo mini a rai ba cewa akwai mai rai a duniya da bai sani ba.

Mun ci sulusin hawan ke nan farin hayaƙi ya turnuƙe daga gefen bonet, ya shigo ta ƙasan ƙafafunmu, mai kauri, mai warin tsumma.

Natan ya ƙwala ihu. "Yesu! Wuta! Mota ya kama wuta!" Ya ɗaga ƙafa zai taka birki.

Na ce, "Kada ka tsaya! Ba wuta ba ce, igiyar ce ke gasuwa!"

"Igiya? Baba ka ƙona mu! Ina da 'ya'ya shida!"

"Ni ina da jikoki goma sha ɗaya, kuma ga ni zaune! Taka mai!"

Abin da na sani, su ba su sani ba, shi ne in aka kashe injin a nan, iska ta daina ratsa shi, zafin da ya tara zai taru wuri guda, kuma naɗin bai gama bushewa ba balle in yi rantsuwa a kansa. In ta ƙi tashi, shi ke nan, an yi ba a yi ba. Amma wa zai tsaya sauraron karatu cikin hayaƙi? Natan ya rage gudu, mota ta fara shure-shure. Ya juya wajen Sista, don ita ce mai mota.

Idanunta sun yi ja, hawaye na zuba saboda hayaƙin. Ta ƙanƙame akwatin, ta dube ni. Ta ce, "Baba, ka tabbata?"

Na ce, "Sista, na tabbata. Laifina ɗaya, ban gaya muku ba."

Ta dubi direbanta. Sannan ta ce, "Natan, tafi."

"Sista..."

"Na ce tafi!"

Ya taka. Jif ta yi gurnani ta cije. Na leƙa da kaina ta taga ina gaya masa inda hanya take, don gilashin gaba ba a ganin komai. Dama! Hagu kaɗan, akwai dutse! Shi kuwa ya ɓarke da addu'a da wannan babbar muryar tasa, yana tuƙi yana tari yana ambaton Ubangiji Makiyayinsa. Muka zo daidai wata ƙatuwar ɗorawa, Sista ta ce a nan motar ta mutu musu sau biyu. Na kasa kunne ga injin. Ƙararsa ba ta ko girgiza ba. Muka wuce ɗorawar, ni kuwa wani sanyi ya sauka a zuciyata, har na ji kaina ina dariya ni kaɗai.

Kafin mu kai ƙarshen hawan hayaƙin ya fara sirancewa. Muna ɓullowa kan tudu sai ga ruga, bukkoki a jere, wasu ma an fara kwance su. Hantsi ya riga ya ɗaga. Matan duk suna tsaye da ƙoren nono a ka, shirin kasuwa, amma ba wadda ta taka ko'ina. Duk sun yi cirko-cirko suna kallon hanya. Wasu samari biyu suka sheƙo da tulunan ruwa za su sheƙa wa injin, na diro na tare su da hannu biyu ina rantse-rantse, da sun fasa mini ƙarfe.

Sista ba ta gaida kowa ba sai da ta buɗe akwatin. Ta zura hannu, ta ɗago ƙanƙara, dunƙulalliya, tana ƙyalli. Ta nuna mini.

Ardo Jibir ya iso, dogo, siriri, da malafa da sanda a kafaɗa. Ya gaishe ni, ya gaida Natan da ke zaune a ƙasa yana fifita da hula, sannan ya juya ga Sista.

Ya ce, "Na riga na sallami mata. Sai muka hango hayaƙi yana hawowa. Muka ce yanzu zai tsaya, bai tsaya ba. Sista, wuta kika ratso?"

Na san da ta ce e, magana ta ƙare. Amma Faustina ba ta iya wannan ba. Ta ce, "A'a, Ardo. Ba wuta ba ne. Gyaran Baba ne yake hayaƙi."

Ardo ya dube ni, ya dubi motar da har yanzu take ɗan huci. Ya ce, "Lokacin da kike ciki, kin san ba wuta ba ce?"

Ta ce, "Ban sani ba. Baba ya faɗa, na ɗauka."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya juya ya yi magana da Fillanci, gajeruwa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Sai na ga ƙore suna sauka daga kai ɗaya bayan ɗaya. Shi da kansa ya shiga wata bukka ya fito da wata 'yar jaririya mai adon wuri a gashi, jikarsa Dije, ya tsuguna a gaban Sista ya riƙe mata ɗan hannun. Allura na shiga yarinyar ta tsala ihu, ta cika tudun nan kaf. Sista ta sunkuyar da kai tana shafa wurin da auduga, hawaye na zuba mata, kuma wannan karon ba hayaƙi ba ne.

Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗago, muryarta ta dawo irin ta asibiti. Ta ce, "Baba, kada ka tsaya kallo. Jera mini su, ƙanana a gaba."