Gilasan da Na Wanke

Aikina a sashen nazarin jini na makarantar likitoci wanke gilasai ne, 'yan siraran nan da ake shafa ɗigon jini a kansu a duba a madubin likita mai ƙara girman abu. A jiƙa, a goge, a jera su bushe. Aikin ya yi mini, don ba ya son surutu.

Ranar Talata na tarar da wani akwatin katako a gefen famfo. Na so in tambaya, amma Baba, dattijon da ke kula da ɗakin gwaji, yana tare da ɗalibai, kunya ta hana ni ratsa su. Na zuba gilasan sahun farko a ruwa. Sai da 'yan takardun da ke manne a jikinsu suka taso na lura sunaye ne da rubutun hannu, tawadar ta koɗe. Gilasan da ake ba ni lamba kawai gare su.

Guda tara na wanke. Na yi tunanin mayar da su fes in rufe akwatin, wa zai sani? Idan aka kore ni, ban san wani aikin da zai karɓi mai ilimin aji huɗu ba. Na daɗe tsaye hannuna a ruwa. Da ɗalibai suka watse na ɗauki akwatin na je.

"Baba, na yi ɓarna."

Ya ɗaga gilashi ɗaya ya kalli taga ta cikinsa.

"Kin iya wanki kam, 'yar nan. Ko alama babu."

Ya zauna. Ya ce lokacin da aka buɗe sashen ɗaki ɗaya ne da madubi biyu, babu abin koyarwa. Sai ma'aikata suka huda yatsunsu don ɗalibai su san kamannin jinin mai lafiya kafin su ga na marar lafiya. Shugaban farko, da direbansa, da matar da ke shara, duk suna cikin taran nan. Shi Baba kaɗai ya rage a raye.

"Ni na bar akwatin a bakin famfo, zan share ƙura na manta. Amma ke ma bakinki na cin abinci ne kawai?"

Na sunkuyar da kai.

"Gobe ɗalibai na da darasi. Kawo yatsa."

Ya huda, ya shafa, ya zuba launi. Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya matsa ya ce in duba. Na ga 'yan zobba birjik, tsakiyarsu fari fat.

"Wannan ba na sahun masu lafiya ba ne, jininki ya yi ƙaranci. Tun yaushe kike jiri?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce tun bara.

Ya rubuta takarda ya miƙo mini. "Hawa na biyu, wurin likita. Ki buɗe baki ki gaya mata komai. In kin dawo, ga gilasai can suna jiranki."