Kunyar Ɗan Fari a Kasuwar Kado

Habibu ya daɗe yana gyaran kifi a rumfar Madam Justina da ke kasuwar Kado. Mai saye zai nuna tarwaɗar da ta yi masa, Habibu ya kwaɗa mata itace a ka, ya farke cikin, ya wanke, ya daddatsa, ya ƙulle a leda. Hannunsa ya san aikin, bakinsa kuma ba ya hutawa. Kullum sai sun taɓa shi da Maiturare, wanda ke zagaya kasuwar da akwatin turare a wuya.

"Habibu, ka sayi ko 'yar ƙaramar kwalba mana. Ƙudaje ma sun fara kai ƙararka."

"Ka fara shafa wa hammatarka tukuna, in na ga ya yi aiki sai in saya."

Amma da zarar ɗansa ya doso rumfar, sai bakin nan ya mutu murus.

Sunan yaron Nasrullahi, shekararsa goma sha shida, kuma Habibu bai taɓa furta sunan da bakinsa ba. Ɗan fari ne. A ƙauyensu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama hira da shi. Wanda ya yi haka sai a ce ba shi da kunya, har yara su yi masa waƙa. Haka uban Habibu ya yi masa har ya koma ga Allah, kuma Habibu bai taɓa jin an cuce shi ba. Tun da aka yaye Nasrullahi, Kande, mahaifiyar Habibu, ta ɗauke shi. Uwar yaron ta fita ta yi aure a wani gari. Kande ce ta goya shi, ita ke cire masa ƙaya a ƙafa, ita yake yi wa tsiwa ta ce masa mijin banza. Bara bayan girbi ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Da aka rasa mai riƙe yaron, Habibu ya taho da shi Abuja, ya sa shi makaranta, suka zauna a ɗaki ɗaya a bayan kasuwa.

Ɗaki ɗaya, amma kamar da katanga a tsakiya. In Habibu ya kawo abinci sai ya ajiye ya ce wa ƙofa, "Ga tuwo nan." In zai fita ya ce, "A rufe ɗaki." Yaron ya amsa da "To, Baba," idonsa a ƙasa.

Da farko Nasrullahi yana zuwa makaranta. Daga baya ya fara fashi, sannan ya daina gaba ɗaya. Sai barci da rana tsaka, ga zafi, ya lulluɓe da tsohon zanen Kande. Tuwo ya kwana a kwano. Wuyansa ya zama kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Habibu yana gani, yana kuma yin abin da ya iya. Ya sayo masa takalmin ƙwallo a gwanjo ya ajiye a gefen katifa. Ya karɓo rubutu a wurin malam. Ya zaɓi karfasa mai kyau ya soya da kansa. Takalmin ya zauna inda aka ajiye shi, kifin kuma kyanwar maƙwabta ta samu.

Madam Justina ce ta fasa ƙwan. Mutuniyar Filato ce, ta raini 'ya'ya har sun yi aure, ba ta iya ɓoye magana. Wata ranar Talata da kasuwa ta yi sanyi, ta ja Habibu bayan firiza.

"Jiya na gan yaronka a gadan tsallaka titi. Ya tsaya yana kallon motoci a ƙasa. Na je banki na dawo, yana nan wurin. Na kama hannunshi na ce, my son, me kana yi a nan? Ka san me ya ce?"

Habibu ya goge wuƙa a gefen wando.

"Ya ce da ma shi ne ya mutu, ba Kaka ba."

"Yarinta ce, Madam. Kewa ce."

"Kewa ya kashe mutane da yawa, Habibu. Gobe za mu kai shi asibiti. Ni zan rufe shago."

Suka je. Bayan dogon layi aka tura su wani ƙaramin ofis, wurin wata nas mai suna Rosemary da ke ganin masu damuwa. Ta ɗauki biro ta dubi Habibu.

"Baba, mene ne sunan yaron?"

Habibu ya juya ya dubi Madam Justina. Ita ma ta dube shi. Nas ɗin ta ɗago kai.

"Ba ɗanka ba ne?"

"Na wajena ne," in ji Habibu.

Yaron ne ya faɗi sunansa da kansa, a hankali, kamar wanda ya aro.

Nas Rosemary ta fitar da su ta gana da Nasrullahi shi kaɗai. Da ta sake kiran Habibu, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce yaron yana da ciwon damuwa, ciwo ne kamar kowane ciwo, ana kuma warkewa. Ta ce su dawo ganin likita. Sannan ta ce, "Amma akwai abin da ba mu da shi a nan. Yana ganin kamar ba ka son shi. Ka zauna da shi kullum, ko kaɗan ne. Ka kira sunansa, ka tambaye shi abin da ke ransa, ka yi shiru ka saurara. Kada ka bar shi shi kaɗai."

A hanya Habibu ya ji kamar an ɗora masa buhun gishiri. Ba ya son shi? Shi da ya kwana tsaye a bakin ɗakin haihuwa, ya kuma ɓuya a bayan rumbu ya yi kukan murna don kada a gani?

Ya gwada. Allah ya sani ya gwada. Bayan la'asar ya bar rumfa da wuri, ya sami yaron a kwance, ya zauna a kan bokiti kusa da katifa. Sunan ya taso masa tun daga ciki, ya zo maƙogwaro ya tsaya kamar ƙayar kifi. Ya ga fuskar ubansa, ya ga ta Kande, ya ji kamar duk ƙauyen sun leƙo ta taga.

"Kifi ya yi tsada yau," ya ce.

"To, Baba."

"Masu kawowa sun ce tsadar man mota ce."

Habibu ya ƙara ɗan zama, ya tashi ya ce zai je masallaci, alhali ba a kira salla ba. Washegari ma haka. Rana ta uku ko zaman bai iya yi ba.

Da ya gaya wa Maiturare, wannan karon babu wasa. Maiturare ya sauke akwatinsa ya ce, "Ai ba a canza wa tuwo suna. Kai ba za ka iya ba, kuma ba laifinka ba ne. Ba kana da ƙane a Uke ba? Baffa ai ba ya kunyar ɗan wansa. Shi zai ja shi da wasa, ya ji cikinsa."

Habibu ya ji kamar an buɗe masa taga. Ƙanensa Musaddiq yana facin taya a bakin titi a Uke, mutum ne mai barkwanci, ga 'ya'ya cike da gida. Can yaron zai sami wanda zai kira shi, ya zolaye shi, ya dafa kafaɗarsa. A ganin Habibu, babu gatan da ya fi wannan. Ya kira Musaddiq, shi kuma ya amince nan take.

Da Madam Justina ta ji, sai ta ajiye kwandon da ke hannunta. "Nas ya ce ka zauna da shi, kai kuma za ka tura shi? Likita fa?"

"Can ma akwai asibiti. Don shi na yi, Madam."

"Shi ka gaya wa haka, ba ni ba."

Bai gaya masa ba. Abin da ya ce wa ƙofa shi ne, "A haɗa kaya, gobe za a je wurin Baffa."

Da hantsi suka isa tashar Nyanya. Habibu ya riƙe jakar da kansa, ya yi ciniki, ya samo masa kujerar gefen taga, ya sayo burodi da ruwan leda ya miƙa ta tagar. Motar ta kusa cika, kwandasta yana ta ihun Keffi, Uke, saura mutum ɗaya. Habibu ya tsaya a gefe yana kallon tayar mota.

"Baba."

Ya ɗago. Tun da yaron ya zo Abuja bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba sai yau. Idanun sun faɗa, babu hawaye a ciki, babu fushi.

"In Baffa ma ya gaji da ni, ina za a kai ni?"

Wata mata da ke kusa da yaron ta juyo. Wani dattijo a baya ya daina jan carbi. Kowa ya zuba wa Habibu ido. Maganar tana nan a bakinsa, cikakkiya: ban gaji da kai ba, ban taɓa gajiya ba, sauko mu koma gida. Leɓensa ya motsa.

Sai ya juya wajen direba.

"Direba, a Uke zai sauka, wurin mai faci. Don Allah a kula da shi, ba ya jin daɗi."

"Ba damuwa, oga."

Nasrullahi ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba amsar da ya riga ya sani. Ya ja gilashin taga ya rufe. Fasinjan ƙarshe ya shiga, kwandasta ya buga ƙofa, motar ta kutsa cikin cunkoson Mararaba. Habibu ya bi ta da ido yana jiran yaron ya waiwayo, har wata tirela ta shiga tsakaninsu.