Awon Gahawar Halilu

Naja'atu tana tsugune gaban murhu tana juya 'ya'yan gahawa a kasko lokacin da Lirwanu, ƙanen mijinta, ya shigo ko sallama babu. Motar da mijin nata Halilu ya hau daga kasuwar Nasarawa Burkullu ta kife a hanya, bai fita da rai ba. Abin da ta fi tunawa da ranar nan shi ne ƙauri. Gahawar ta ƙone ƙurmus, kuma abin da ya fara faɗo mata a rai, Allah ya yafe mata, shi ne Halilu zai yi faɗa.

Mai shayi ne a tashar Gummi, amma da gahawa aka san shi, wadda direbobi ke kurɓa kafin su kama hanya. Ita ke suya, ita ke kaiwa inji tare da citta da kanumfari. Awo kuwa nasa ne shi kaɗai. Yana da wani ɗan sikeli mai faranti biyu da ya saya hannun wani mai haƙar zinari a Anka. Kullum da safe sai ya shige ɗaki ya ja labule, yana barbaɗa gari kamar mai haɗa magani, yara na jiran koko. Tun tana amarya suke wannan rigima. Ta ce ƙaramin gwangwanin tumatir cike ɗaya shi ne awon buta ɗaya, kowa ya sani. Ya ce gwangwani maƙaryaci ne. Ta ce ita da take auna hatsin gidan nan da kwano, wa ya taɓa kwana da yunwa? Ya ce tuwo daban.

Tana cikin takaba Lirwanu ya ci gaba da buɗe teburin, don da shi gidan ke ci. Ita kuma ta tura jakar sikelin ƙarƙashin gado, ta ɗauko gwangwaninta, tana aunawa tana ƙulla masa a leda.

Ba a jima ba ya fara dawowa da fuska a murtuke.

"Yaya, mi kike yi ma gahawag ga? Jiya Modibbo ya ce kamar an ɗauraye kofi an miƙa mashi. Yau kau ya tofar, wai darbejiya na dafa."

Modibbo dattijo ne mai shanu daga Gwashi, wanda ba ya zuwa Gummi bai zauna a bencin Halilu ba. Naja'atu ta ce gwangwanin jiya shi ne na yau, in akwai laifi a ruwan Lirwanu yake, ko a wutarsa, ko a bakin Modibbo da goro ya gama cinyewa. Lirwanu ya bar ta ta gama, sannan ya gaya mata direbobi sun fara komawa teburin Maikuɗi, kuma Maikuɗi ya je wajen shugaban tasha yana neman wurin Halilu. In aka ci gaba a haka, za a ba shi.

Da ya fita ta jawo ragowar garin jiya da na yau, tana mita. Ta murza na jiya, sai ta ji shi da tsaki-tsaki. Na yau kuwa laushi kamar kwalli, ga danshin damina ya dunƙule shi. Bature mai inji yadda ya ga dama yake niƙa, ya danganta da abin da ya zuba kafin nata. Ta cika gwangwanin da na jiya ta ɗaga, ta juye, ta cika da na yau ta ɗaga. Hannunta ma ya gaya mata. Ta daɗe a zaune, haushi ya cika ta. Mutum yana kwance a maƙabarta kuma ya ci gardama.

Ta durƙusa ta jawo jakar. Ta ɗauka za ta ga ƙarfen awo irin na 'yan kasuwa, sai ta ga wani abu naɗe cikin tsumma. Ta warware. Awarwaronta ne na azurfa, wanda Inna ta ba ta, wanda ya ɓace shekarar da ta haifi Husaina. A kansa ta zargi ƙanwarta Amina, har suka yi sallah ba su gaisa ba. Kuma Halilu da kansa ya taya ta nema, har da ɗaga katifa.

"Ɓarawo," ta ce wa ɗakin. "Kana ji ina zagin 'yar'uwata, kai kau kana nan kana auna gahawa da shi."

Kuka ya ƙwace mata. Sai da kukan ya sake ta sannan ta ɗora awarwaron a faranti ɗaya. Garin jiya cike da gwangwani bai ko ɗaga shi ba. Na yau ya rinjaye shi tun kafin ta gama juyewa.

Ranar kasuwa Lirwanu ya dawo da buta wayam. Ya ce Modibbo ya sha ya ƙara bai ce uffan ba, wanda a wurin Modibbo yabo ne. Maganar Maikuɗi ta bi ruwa. Da Amina ta zo ta ga abin a hannunta, Naja'atu ta ce mata kawai, "Halilu ne." Amina ta yi dariya har ta koma kuka.

Yanzu kowace safiya, kafin ta dama koko, takan ja labule, ta zare awarwaron ta ɗora a sikeli, ta barbaɗa gari har farantan su daidaita, sannan ta mayar da shi hannunta. Amma da gwangwanin take ɗibar garin, don Halilu ya san ba ta yar da shi ba.