Garwashi Uku a Kan Ruɓaɓɓiyar Taba

A unguwarmu ta tsohon birnin Lucknow akwai dattawa tara da suka ɗauka cewa duniya a bakin lofen ruwa, wato shisha, ta rataya. Duk Alhamis bayan la'asar sukan taru a zauren Lala Kishori, mai haɗa taba, su jingina da matasai, su zuƙi hayaƙi, su lumshe ido kamar masu jiran wahayi. Kwata ta toshe a ƙofar zauren shekara uku, ba wanda ya ji warinta a cikinsu. Amma a rage ƙwayar kanumfari ɗaya a tulun taba, sai a yi wata ana jimami.

Shugabansu mahaifina ne, Mirza Iltifat. Lala yakan kwaɓa ganyen taba da ruwan mazarƙwaila da gwaiba da sandal da furen wardi, ya ɗura a tuluna, ya binne a ƙasa har damina ta wuce. Ranar da aka tono su, Abba ke fara zuƙa. Abin da ya faɗa a kan tulu shi ne hukunci, kuma ba mai buɗe baki kafin shi. Shekara arba'in ke nan.

Da na dawo daga karatun haɗa magunguna na tarar da miki a gefen harshensa, fari, mai taurin baki. Na san irinsa a littafi, na kuma gan shi a ɗakin marasa lafiya. Mahaifiyata, Ammi, ta ce mini rannan ta manta gishiri a miya, ya cinye tas bai ce komai ba, shi da a da yake mayar da kwano saboda albasa ta ɗan ƙone.

Na ce, "Abba, mu je asibiti a duba harshen nan."

Ya ce, "Taukir, kwalin da suka ba ka, na sayar da ƙwaya ne ko na leƙa bakin manya?"

"Abin nan yana iya zama sankara."

"Harshen da ke rarrabe tulu bakwai ba shi da ciwo. Ran da ya yi kuskure ko sau ɗaya, ɗauke ni ka kai ni inda ka ga dama."

Na riƙe maganar nan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai taɓa kuskure ba. Mutumin da ba ya jin gishiri, ta yaya yake gane tabar da ba ta nuna ba?

Alhamis uku na zauna a ƙarshen tabarma ina shaƙar hayaƙinsu, suna tsokanata. "Likita ya zo, a ɓoye lofe!" Ban kula su ba. Hannun Nabban Miyan nake kallo, tsohon da ke ɗora wuta a kan lofe tun kafin a haife ni. A ta ukun na gano. In ya ɗora garwashi uku, Abba ya ce taba ta kai. In biyu ne, ya ce a mayar ƙasa. In huɗu ne, ya ce zaƙi ya yi yawa. Lala ke ɗanɗanawa a bayan gida ya raɗa wa Nabban, Abba kuma ya ƙirga wuta ya yanke hukunci, sauran su yi ta "Wah, wah!" Dattawa takwas, har da wanda ya yi alƙalanci, sun haɗa baki suna yi wa mara lafiya wasan yara, suna kiran abin ladabi.

Ranar tonon tuluna na riga kowa zuwa. A bayan zaure na ga wani tulu da aka ware gefe guda. Ya tsage a ƙasa, ruwan sama ya shiga, tabar ta yi funfuna tana warin tsami. Na ɗebi cikin hannu na ƙulle a hankici.

Da aka zauna, kowa ya zaro bakin lofensa na azurfa daga aljihu, sai na miƙa hannu ga Nabban.

"Kawu, ba ni awartakin. Yau ni zan ɗora wa Abba wuta."

Ya ƙanƙame shi a ƙirji. Ya dubi Lala, Lala ya dubi rufin ɗaki. A wurinmu ɗa in ya nemi yi wa ubansa hidimar wuta ba a hana shi, abin alfahari ne ma. Da al'adarsu na kama su.

Tsohon alƙalin ya ce, "Masha Allah, Mirza Sahib, likita ya tuba!"

Abba ya yi murmushi, har da shafa gemu. Wannan murmushin ne kaɗai ya sa na ɗan dakata. Na juya musu baya, na cusa ruɓaɓɓiyar tabar a kan lofe, na ɗora garwashi uku reras.

Ya zuƙa. Ruwan lofe ya yi gurnani. Ya saci kallon wutar, ya lumshe ido.

"Lalaji, bana ka yi abin kai. Gwaibar ta kwanta, sandal na biye da ita a hankali kamar mai jin kunya. Wannan ta fari ce."

Wari ya riga ya cika zauren. Na ce a raina yanzu wani zai yi magana. Aka miƙa wa alƙali. Ya zuƙa, idonsa ya kawo ruwa, maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa.

Ya ce, "Wah. Mai jin kunya, wallahi kuwa."

Na kusa da shi ya karɓa, ya ƙware, ya yi tari har hularsa ta faɗi, ya ce ƙarfinta ne, tabar maza ke nan. Ɗaya bayan ɗaya suka sha funfuna suna yabo. Lala kansa ya ce zai sa mata hatiminsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ba ku da kunya? Daga fasasshen tulun bayan gida na ɗebo ta! Akuya ba za ta ci ba! Mutum na ruɓewa a gabanku kuna ƙirga masa garwashi. Jira kuke ku yaba likkafaninsa?"

Alƙali ya ce, "Yaro, rage murya. Gaban manya kake."

"Manyan me? Manyan hayaƙi?"

Abba bai dube ni ba. Ya bi fuskokinsu da kallo, jajayen idanu da hawayen tari. Sannan ya juya ga Nabban.

"Nabban Miyan, da kai ne, garwashi nawa za ka ɗora mata?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, da ni ne ko wuta ba zan kusantar da ita ba."

Abba ya zare bakin lofensa, ya goge shi da gefen rigarsa. Ya bar ɗan jan tabo a farin yadin, kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Ya sa shi a aljihu ya miƙe.

"Lalaji, kada ka sa hatimi. Taukir, nemo mana keke."

Washegari likita ya tambaye shi tun yaushe ya daina jin ɗanɗano. Na yi saurin cewa wata biyar. Abba ya ɗaga yatsu biyu. Shekara biyu. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce da a lokacin aka zo, da ɗan kankarewa ya isa. Sai da suka yanke kusan rabin harshen.

Yana raye. Yana shan kunu da cokali, maganarsa Ammi kaɗai ke ganewa sosai. Ni kuwa in na shiga ɗakin sai ya juya fuska bango, har yau. Na yarda da wannan, gara ya juya mini baya yana numfashi.

Dattawan sun zo dubiya, su takwas, cikin fararen kaya masu guga. Suka ce masa ya yi kyau, ya murmure, zaure ya yi duhu ba shi. Da za su tafi Lala ya ajiye wani abu a gefen gado, naɗe da kyallen siliki. Na buɗe bayan sun fita. Gwangwanin taba ne, ta farkon tulun bana, da 'yar takarda cewa suna jiran hukuncin Mirza Sahib.

Na kai shi ƙofar zauren Lala na juye a cikin kwatar nan da ta toshe. Alhamis ta zagayo, suka tsallake ta ɗaya bayan ɗaya, suna tattare bakin wando, suka shiga ciki.